Maginin da Ya Toshe Hancin Katanga

Tun da ka ce ramukan da aka bari a jikin sabuwar katangar unguwarku sun tsone maka ido, ajiye buhun simintin nan tukuna ka ji wani misali. An yi wani magini a wani gari da ke gindin tsauni. Duk damina sai ƙasa ta zaftaro daga bisa, ta binne shuka, ta rufe hanya, wata shekarar har ta shiga ɗakunan mutane. Da kuka ya yi yawa, hukuma ta turo injiniyoyi suka ja doguwar katanga ta dutse da siminti ta tokare ƙasar, gidan maginin nan kuwa shi ne daf da ita. Shekara huɗu ana barci da minshari. Shi kaɗai ne hankalinsa ya ƙi kwanciya, domin a ƙasan katangar an jera wasu ƙananan bututai, taku biyu ɗaya, taku biyu ɗaya, kuma da an yi ruwa sai su yi ta yoyo, gansakuka ta yi kore shar a ƙarƙashinsu. Mutumin da ya shekara talatin yana yaɓe, wanda tun yana ɗaukar wa ubansa ƙasa aka koya masa cewa kafin ruwan farko ba a barin ko tsagar da allura za ta shiga, ina zai iya kallon wannan? Ya juya abin a ransa ya rasa gane kansa. Ko mantuwa suka yi? To mantuwa har sau arba'in, kuma a jere? Ko ha'incin 'yan kwangila ne? To mai ha'inci ai ɓoyewa yake yi. Ya so ya tambaya, amma girman kai ya hana, wai kada a ce babban magini bai san gini ba. Ran nan da bazara sai ya kwaɓa siminti da kuɗin aljihunsa, ya bi bututan nan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya shafe sumul. Maƙwabta suna wucewa suna sa masa albarka, shi kuwa yana ta washe baki.

Damina ta sauka, katanga ta bushe ƙayau, ko ɗigo babu, ya riƙa jan mutane su zo su ga aiki. A watan marka aka yi kwana uku ana ruwa. Ruwan da ya saba tsiyayewa ya rasa hanya, ya taru a bayan katanga, ƙasa ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi. Rana ta huɗu da hantsi aka ga katanga ta yi ciki, kafin la'asar ta tsage ta kife. Allah ya taƙaita iyalinsa sun fice, amma ɗakuna uku da ya gina da hannunsa, da rumbun dawarsa, duk laka ta haɗiye. Wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake shi ya jawo. Ya tsaya cikin taɓo har gwiwa ya riƙe haɓa, ya dubi tsauni ya dubi gida, duk wanda ya zo jaje sai ya tare shi da tambaya guda: yaya gini mai huda arba'in zai tsaya shekara huɗu, wanda aka toshe tsaf ya kasa kai damina ɗaya? Sai matarsa da ke tsince tukwane a cikin laka ta ɗago ta ce, “Malam, a duk gidajen da ka gina a garin nan, akwai wanda ka hana wa rariya?” Yoyon da ya tsana shi ne ke riƙe da gidansa duk shekarun nan, shi kuma ya sayi siminti ya kashe shi don katanga ta yi kyan gani. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.