Lauyan Da Bai Iya Kai Ƙara Ba

Lawandi, Hassatu, ku matso ku zauna. Na gaji da jin muryoyinku a kan karatun yaron nan Mudan. Kai ubansa ka kafe sai lauya, ke gwaggonsa kin ce a bar shi ya karanta siyasa tunda ita ransa ke so. Ni ban shiga aji ba, amma ina da ido.

An yi wani mai sayar da hatsi da ya ga 'yar maƙwabcinsa ta dawo daga jami'a da baƙar riga da farin gashi a ka, in ta miƙe gaban alƙali manya sai su yi tsit. Ya rantse ɗansa ma sai ya sa rigar nan. Shi kuwa yaron siyasa ya so karantawa, don tun yana ƙarami in 'yan ƙwallo suka kaure da faɗa shi ke raba su. Ya bi uban, ya gama, ya kama aiki a ofishin wani babban lauya. To, duk wanda ya kawo ƙara, sai ya nemo abokin rigimar ya zaunar da su ya sasanta, kowa ya tafi gida ba a taka kotu ba. Maigidan ya sallame shi. Ofishi na biyu ma haka. Ya dawo gari, riga na rataye a ƙusa, ana nuna shi da baki.

Ana nan manoma suka shuke burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, makiyaya kuma suka kora garke cikin gero. Aka wayi gari kowane ɓangare ya fito da adduna da kwari da baka. Korarren lauyan nan ya ratsa tsakiyarsu hannu rabbana, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Yana kiran kowane dattijo da sunansa, yana tuna masa cewa a ɗaya ɓangaren akwai wanda ya haƙa kabarin ubansa, da wadda ta shayar da ƙanensa. Ikon Allah! Da la'asar mutanen da suka fito kisa sahu ɗaya suka yi salla, addunan na jingine a gindin tsamiya. Da idona na gani. Sai da furfura a gemunsa ya koma jami'a ya karanta abin da ya so tun farko. Yanzu daga wasu jihohi ake aiko mota a ɗauke shi sasanci.

Hausawa suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Lawandi, ba kai za ka zauna a ajin ba. Ku kira Mudan ku ji ta bakinsa, ku kashe mini maganar nan yau, kafin jami'a ta rufe ɗaukar ɗalibai.