Ranar da Farfesa Ya Makara

Ƙarfe goma saura kwata Mista Odell Haskew ya kulle kansa a ɗakin bayan cocin garin Ellabee, a kudancin Jojiya, shi da faranti goma sha biyu na alewar pikan, wata ƙwayar bishiya mai ɓawo da ake nomawa a yankin. Ya jera su bisa tebur, ya buɗe taga, ya zauna yana share zufa, alhali watan Nuwamba ne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana alƙalancin gasar alewa ta bikin girbi. Mutanen gari sun yi imani da harshensa. Suna cewa da cizo ɗaya yake rarrabe irin pikan da ake kira Elliot, 'yar ƙarama mai maiƙo, da Stuart mai kaurin ɓawo, har ya faɗi ko bishiyar ta sha ruwa a kan kari. Idan ya wuce, matan coci sukan rage murya.

Abin da ba su sani ba shi ne, a bakin Odell komai sukari ne. In aka dafa abu da man shanu da madara, ba ya iya bambanta pikan da gyaɗa, kuma a garin nan wanda ya kira pikan gyaɗa ya yi zagi. Aikin gaba ɗaya na Farfesa ne.

Farfesa tsoho ne mai baƙar riga, rani da damina. Ba ya gaisuwa, ba ya godiya. Ba shi da bishiya ko ɗaya, amma babu gonar da bai ci amfaninta ba a duk gundumar, shi ya sa manoma ke kiransa ɓarawo. Kowace shekara yakan zo ta baya da ƙarfe goma, ya zaga farantan, ya karkata kai, ya ɗanɗana. Farantin da ya koma wa karo na biyu, shi Odell ke fita ya ɗaura wa shuɗin ƙyallen nasara.

Bana kuwa da safe, Dewey Stancil, shugaban ƙungiyar manoman pikan, wanda matarsa Verna ta zo ta biyu sau huɗu a jere, ya tare Odell a bakin ƙofa a gaban jama'a.

"Ɗan'uwa Odell, mun ɗan haɗa maka tarko," in ji Dewey. "Ɗaya daga cikin farantan nan da pikan ɗin bara aka yi shi, wanda ya shekara a gareji har ya soma tsami. In ka ɗaura masa ƙyalle, sai ka sauka daga kujera mu ba 'yar ƙanwata. Ita a jami'a ta karanta abinci."

"Haba Dewey, a coci?"

"Ai a coci aka fi gwada mutum. Me kake tsoro, ba kai ne mai harshen zinariya ba?"

Ƙarfe goma ta yi, Farfesa bai zo ba.

Tun asuba ake jin ƙarar bindiga daga gonaki, kamar yadda aka saba lokacin girbi, kuma ta gonar Dewey tsohon yake ratsowa. Odell ya tuna haka, ya leƙa ta taga, bai ga kowa ba. Ya ɗauki alewa daga faranti na ɗaya ya tauna a hankali, ido a rufe, kamar yadda ya ga masana suna yi a talabijin. Zaƙi. Ya ɗauki na biyu. Zaƙi. Kafin ya kai na tara haƙoransa sun soma zogi, bai kuwa ƙaru da komai ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Mista Odell," in ji Verna, "ko sukarin ne ya hau maka kai? Shayinmu ya huce, fa."

"Ina sauraren ɗanɗano, Misis Verna. Ba a yi masa gaggawa."

"To ka gaya masa ya ɗaga murya!"

Dariya ta ɓarke a zauren cocin. Odell ya hango kansa ranar Lahadi a benci na ƙarshe, ba mai tambayarsa ra'ayi ko a kan biskit. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya yi alkawarin daina ƙarya daga baɗi.

Sha ɗaya saura minti biyar sai ga Farfesa, rigarsa a yamutse, yana haki.

"Ranka ya daɗe, ka kusa kashe ni," Odell ya raɗa masa.

Farfesa ko kallonsa bai yi ba. Ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya tsinci ƙwaya, ya juya ta a baki, ya watsar da ita ƙasa. A na bakwai ya ci, ya wuce har na sha biyu, sannan ya dawo ya sake ci.

Odell ya gyara wuyan rigarsa ya fita. Ya ɗaura ƙyalle a faranti na bakwai, na wata gwauruwa mai suna Opaline Tull. Sa'an nan ya ɗaga na huɗu da yatsu biyu, nesa da hancinsa, ya miƙa wa Dewey.

"Mayar da wannan gareji, ɗan'uwa."

Zauren ya ɗauki tafi. Nan take ƙungiya ta naɗa Odell alƙali na har abada, aka rubuta a littafi. Dewey ya cire hula, fuskarsa ta yi ja.

"Na tuba, Ɗan'uwa Odell. Irin wannan harshe ba a jami'a ake samunsa ba. Daga sama yake zuwa."

"Daga sama kam," in ji Odell, da dukkan zuciyarsa.

A ɗakin baya kuwa, Farfesa ya goge bakinsa a jikin katakon taga, ya buɗe fikafikansa, ya tashi ya nufi gonar Dewey, inda sauran hankaki ke jiransa.