Tikiti Ɗari Uku Kyauta

"Kyauta?" Shugabar ƙungiyar taimakon kurame ta janye hannunta daga kwalin tikitin. "Malam, mi kake so gare mu?"

"Ba komi, Hajiya," in ji mai ɗab'in.

Bara kuɗin buga tikiti ya cinye rabin abin da wasan kurame ya tara wa ajinsu na maganar hannu. Bana ga baƙo a Konni ya buga ɗari uku, ya ƙi karɓar ko dala.

Ta juya bayansu tana neman tambarin jam'iyya, ba ta gani ba. Sai ta yi zargin ya buga wasu zai sayar a ɓoye. Ta ɗiga wa kowanne shuɗiyar tawada a kusurwa.

Ranar wasa ta tsare ƙofa da kanta, tana duba kusurwoyi. Babu na jabu ko ɗaya.

Can ga mai ɗab'in a layi, ya sayi biyu. Wata budurwa na riƙe da gefen rigarsa, idonta na bin hannuwan masu gaisawa.

"Ɗiyata ce, Hajiya," ya ce. "Shekara sha bakwai ban taɓa iya tambayarta ina kwana ba."