Kalandar da Na Cire daga Bango

Ƙarfe sha biyun rana daidai, manhajoji goma sha bakwai suka daina magana da juna.

A da, kowace manhaja a kamfaninmu na sufuri tana da nata sertifika, shaidar da ke tsare hanyarta a rezo, wato layin sadarwa. Wata uku na yi ina fama har na mayar da saitin wuri guda, na zaɓi sertifika ɗaya na ɗora wa duka. Ranar na cire kalandar tsohon injiniyanmu da muke kira Baba, wadda yake zagaye ranakun sabuntawa da jan alƙalami.

"Baba, zamanin wannan ya wuce," na ce.

"To, ɗiyata," ya ce.

Yau ga kamiyo tara, manyan motocinmu na kaya, sun maƙale a tashar jirgin ruwa, 'yan kasuwar Mont-Bouët sai kira suke suna zagi, patiron mai kamfanin yana huci a kaina. Allon kuwa ba ya cewa komai sai "An kasa haɗawa", don ni da hannuna na taƙaita saƙon. Na zagi kwamfutar da Faransanci, na maimaita da Hausa. Baba yana hutu a Damagaram, wayarsa a kashe.

Da la'asar yunwa ta kora ni wurin mai tsiren ƙofar ofis, wanda mai shara ke kai wa tsofaffin takardunmu. Na warware ƙunshin tsiren, ashe shafin kalandar nan ne. A ƙarƙashin yaji, ga ranar yau an zagaye ta da ja, ga rubutun Baba: "Na huɗu zai mutu ƙarfe sha biyu. A sabunta."

Sertifika na huɗun ne na zaɓa na ɗora wa duka.