Munduwar da Maƙeri Ya Yanke

Tun ɗazu kake ta kewaye-kewaye, ɗana, wai "mutanen gida" ba sa jin daɗi. Ka kasa buɗe baki ka ce matarka ce, kuma cikin da ke jikinta ne yake ba ta wuya. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani maƙeri a wani ƙauye, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Gidan surukansa yana kan hanyar kasuwa, amma ya gwammace ya zagaya ta bayan gari ƙaya tana sukar sa da ya gifta ta ƙofarsu. Da matarsa ta sami cikin fari, ita ba ta faɗa ba, shi bai tambaya ba. Itacen jego kawai ya shiga tarawa a bayan ɗaki, ya ɗaure ɗan rago, kowa ya gane. Ana cikin wata na shida ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika, ga ciwon kai da ba ya sauka. Wani lokaci tana cikin tankaɗe sai ta dafa bango, ta ce dishi-dishi take gani. Maƙwabta suka ce ai haka masu ciki suke, shi ma ya so ya yarda don ya fi sauƙi. Amma akwai munduwar azurfa da ya ƙera mata da hannunsa lokacin aurensu, wadda a da yatsa biyu ke shiga tsakaninta da fata. Wata safiya ya tarar ta nutse cikin nama, sai da ya sa zarto ya yanke ta. Maƙeri kuwa ya san azurfa ba ta tsukewa da kanta, nan tsoro ya kama shi. Ya ce su je asibiti, ta ce ita kunya ba za ta bar ta ba sai in innarta ce ta kai ta. Sau biyu yana zuwa ƙofar surukarsa yana juyowa. A na uku ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa, ya ajiye yankakkiyar munduwar a gabanta ya ce, "Inna, cikin nan yana neman ranta. Ki taimaka ki tashi mu tafi." Tsohuwa mayafi kawai ta jawo.

A asibiti aka ce jininta ne ya hau, da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Aka kwantar da ita mako uku, wutar maƙera ta mutu, shi yana zaune a gindin dalbejiya yana jiran a kira shi. Da wata na bakwai ya kama, likita ya ce jira ya ƙare, aka yi aiki aka ciro 'ya mace, bakwaini, ba ta cika tafukan hannunsa biyu ba. Uwar ta tsira, amma ko zama ba ta iya yi. Ma'aikaciyar jinya ta ce abin da zai riƙe ran yarinyar nan shi ne ɗumin jikin mutum, fata da fata, kada a bari ta huce. Kakar ta rungume ta har bayanta ya gaza. Sai ma'aikaciyar ta dubi maƙeri. Ga mata cike da ɗaki, ga surukarsa zaune a tabarma taku biyu daga inda yake. Mutumin da bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba ya tuɓe riga, ya tuɓe ta ciki, ƙirji duk tabon tartsatsi, aka ɗora masa 'yar aka ɗaure da zane. Ya zauna yana tattalinta yadda yake tattalin garwashi guda idan itace ya jiƙe, yana jin numfashinta a jikinsa, ya ce bai taɓa jin daɗi irin na wannan zaman ba. Kwana ashirin suna karɓa-karɓa shi da tsohuwa, har yarinya ta kama nono da ƙarfinta. Ragon suna bai gama ƙiba ba aka yanka shi, ba wanda ya yi ƙorafi.

Yarinyar nan yanzu da nata 'ya'yan, munduwar kuma ya narkar da ita ya ƙera mata ƙarama tun tana tatata. Shi kuwa gogan, suna komawa gida ya ci gaba da zagayawa ta bayan gari, har yau bai taɓa kiran sunan 'yar farinsa ba. Kunyarsa ba ta ɓata ba, ajiye ta ya yi a bakin ƙofa, da ya gama ya dawo ya ɗauki abarsa.

Saboda haka tashi ka je ka faɗa wa wanda ya kamata ya ji, da bakinka, ka kai ta a duba ta yau. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.