Ranar Tsallen Kwaɗo

Tun da aka hana horon jiki a bariki, doka ta ba kowane tsohon soja damar mayar wa wanda ya hore shi azabar rana ɗaya, ya ji ta a jikinsa ta hanyar wata na'ura. Kofur Barau mai ritaya ya je asibitin sojoji, aka turo masa Samanja Tanimu, wanda ya hore shi, a keken guragu.

"Baba, yawanci yafewa ake yi," wata ma'aikaciya ta ce wa Barau, tana manna musu wayoyin na'urar a goshi. "Wace rana?"

"Ranar da ya sa ni da ƙanena tsallen kwaɗo."

"Zuwa ina?"

"Har inda ƙanena ya daina tashi."

Kafin ta kunna na'urar, Samanja ya riga ya kama kunnuwansa.