Minti Goma a Tsohon Fili

Katafilar da za ta rushe tsohon filin wasa ta riga ta fara gurnani lokacin da Lowell Pruitt ya kutsa ta ɓular shinge, riƙe da shebur da bokiti.

"Kai tsoho, minti goma na ba ka!" in ji direban.

Jiya Lowell ya tsaya gaban majalisar gari yana roƙo kamar zai durƙusa. Tunda kuɗin harajin jama'a ne, don me sai bakin kogi za a kai sabon filin wasan ƙwallon besbol? A gyara tsohon mana! Da ya ga ba mai saurarensa, sai ya fasa sirrin shekara tara: tokar gawar matarsa Verna da aka ƙona tana ƙarƙashin ciyawar tsohon filin, shi ya binne ta a ɓoye.

Shugabar majalisa, Misis Hadley, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mista Pruitt, in ba mu gina sabo ba, ƙungiyar ƙwallonmu za ta bar garin, mutum ɗari biyu su rasa aiki. Zauna." Ƙuri'arta ce ta raba gardama.

Yau kuwa, yana isa tsakiyar fili sai ya tarar da wata mata a durƙushe, tana tonon ƙasa da farce tana zubawa a jakarta. Misis Hadley ce.

"Kin zo ki tabbatar an murƙushe min ita ne?" in ji Lowell.

Ta ɗago, idanunta jawur.

"In ka gama ka ara min shebur ɗin, Lowell. Tokar ɗana tana nan kusa, amma na kasa tuna daidai wurin."